Ƙanwata tana Kirikiri da goyo, ya zan yi da yaran?

Maman Ilham, Agege:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce ke tsare a gidan yarin mata na Kirikiri kan rikicin kuɗin adashe, har yau ba a yanke hukunci ba, kuma goyonta ɗan shekara ɗaya da wata biyu yana ciki tare da ita. Manyan biyun suna hannuna, uban ya tafi Arewa shiru kake ji. Babbar shekararta 7, kullum magariba sai ta ɗauko hijabin uwar ta zauna bakin ƙofa tana tambaya yaushe Umma za ta dawo daga Kano, don haka muka ce mata. Wlh abin ya fi ƙarfina. Yaushe ake raba ta da jaririn? Kuma in kai yaran su ganta ko in bari?

Hajiya Idi-Araba:
Allah sarki, Allah ya kawo mafita. Ƙa'idarsu yaro na zama da uwarsa har wata 18, daga nan dangi su karɓa, in babu mai karɓa sai gidan marayu. To kin ga saura wata huɗu, ki fara zuwa tun yanzu ki riƙa ɗaukarsa kina ba shi kunu da hannunki ya saba da fuskarki, kar a haɗa masa yaye da baƙuwar fuska rana ɗaya, ita ma uwar hankalinta zai ɗan kwanta in ta san hannun wa zai koma.

Abu Sadiq, Mile 12:
Yaya ku bi maganar beli tukuna. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin kyauta, OPD, ga kuma Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. Kuma mace tana iya tsayawa beli, doka ta yarda, kar wani ya ce miki sai namiji. Ku sanar da Sarkin Hausawan unguwarku ya kira masu adashen a sasanta. Yaran kam ni ban so a kai su wajen.

Ummu Hanan:
A'a Malam, a nan na saɓa maka. Yarinya 'yar shekara 7 ba ta da wautar da muke zato, gara ta ji daga bakin innarta da ta ji a Islamiyya ana mata gori. Ki ce mata Umma tana wani waje sai alƙali ya gama magana, kuma ba gudunsu ta yi ba. Ki fara zuwa ke kaɗai ki tambayi uwar, in ta yarda sai ki kai su.

Maman Ilham, Agege:
Na gode ƙwarai. OPD ɗin wane takardu ake zuwa da su?