Zuma a Shayin Safe: Ta Karya ko Ba Ta Karya ba?

Maman Iman: Jama'a ku raba ni da ƙanwar mijina. Azumin rage ƙiba nake na awa 16, daga takwas na dare ba na cin komai sai sha biyun rana. Suga na daina, zuma kawai nake ɗigawa a shayin safe. A gaban baƙi yarinyar nan ta ce wai wahalar banza nake!

Anti Nas: Ki yi haƙuri, tana da gaskiya. Cokalin cin abinci na zuma ya kai kalori 60, kuma suga ne a cikinta, insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, zai tashi, azumin ya karye. Dabino da mazarƙwaila ma haka. Stevia, mai zaƙin nan da ake samu daga ganye, ita ce babu kalori, amma ita ma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irinta wajen rage ƙiba.

Malama: Tsaya tukun. Azumi da shayin safe? Ku ji tsoron Allah, ku nemo masa wani suna.

Maman Iman: Malama, ba na ibada nake nufi ba.

Malama: To me ya sa kika ce azumi? Ga Litinin da Alhamis nan, lada da lafiya, kun bari kun bi na Turawa.

Ummi: Mai shiga tiyata ma ai azumi likita ke cewa ya yi.

Malama: Likita ba malami ba ne, 'yata.

Hajiya Mai Zuma: Ni maganar nas ce ta tsaya mini a rai. Zumar da Suratun Nahli ta ce akwai waraka a cikinta, ita ce suga?

Anti Nas: Hajiya, ban ce ba magani ba ce. Cewa na yi tana da kalori.

Ummi: Wace zumar ma? Wata ta kasuwa narkakken suga ce.

Hajiya Mai Zuma: Ummi, da wa kike? In ni ce ki fito fili. Tawa har da saƙa take zuwa, ki tambayi mamarki.

Ummi: Ni ban kama suna ba.

Maman Iman: To in sha ko kar in sha?

Malama: Ki fara gyara sunan.

Hajiya Mai Zuma: Tunda ni ce admin, ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda zuma waraka ce, ita kanta nas ta amsa. Stevia kuwa har hukumar duniya ta ce kada a dogara da ita wajen rage ƙiba. Matsalar jabu ce kawai. Mai son ta gaskiya ta yi mini magana ta gefe, akwai lita da rabin lita. Na rufe group sai da safe.