Wa Ya Cinye Tallar? Musayar Waƙa Kan Jarida da Ƙofofin Intanet

Tsohon Ɗan Jarida:

Ku ba ni aron kunne, 'yan'uwa, zan ɗauko zancen tun fari,
Lokacin da jaridun Amurka ke riƙe da kasuwar kowane gari;
Mai sayar da gida da mai neman ma'aikaci duk sai sun bi tsari,
Su biya kuɗin layi uku a shafin baya, su jira fitowar labari,
Domin babu ƙofar da ta fi wannan kai talla.

A Oktoban 1994 mujallar intanet HotWired ta liƙa allon tallar kamfanin waya AT&T a saman shafi,
Ɗan siriri ne kamar haki, wa zai ce yana da ƙarfi?
Ashe hakin da aka raina shi zai tsone ido da kaifi,
Daga nan aka fara raba jarida da talla.

Ɗalibar Kwamfuta:

Baba, ka yi haƙuri, akwai wurin da zancenka ke son gyara,
Ba ƙwace aka yi ba, zaure Yahoo ta gina tun da ta fara;
Jerry Yang da David Filo a Stanford suka zauna suna jera
Adireshin shafuka rukuni-rukuni, daga baya wasiƙa kyauta aka ƙara,
Kuma inda jama'a suka yi cincirindo, can ake kai talla.

Dillalin Talla:

Ƙanwata, kin yi gaskiya, amma bari in buɗe miki cikin ciniki:
Kan kowane kallo dubu ake yanka farashi, haka ake aiki,
Da yawan masu biya sababbin kamfanonin intanet ne masu ɗoki,
Kuɗin masu zuba jari suke ƙonawa, riba ba ta taɓa leƙo ɗaki.
Da kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta fara zubewa a Maris na 2000, sai ga mamaki,
Ƙofofin intanet Yahoo da Lycos da Excite suka wayi gari suna cigiyar talla.

Tsohon Ɗan Jarida:

Gidajen labarai ma ba su naɗe hannu ba, Malam Dillali.
Kamfanonin jarida tara suka haɗa dandalin intanet New Century Network a 1995, alal misali,
Kafin 1998 ta ƙare, saɓani ya riga ya rushe tubali.
Disney ta buɗe ƙofar intanet Go.com a 1999, a 2001 ta janye don ta ga hali.
Wadda ta fi ci mini rai ita ce Time Warner, mai CNN, gidan asali,
A Janairun 2000 ta amince AOL, mai haɗa jama'a da intanet, ta aure ta, ban ga dalili
Da ya wuce tsoron a bar ta a baya ba. A 2002 sai ga tashin hankali,
Asarar kusan dala biliyan 99, duk a garin farautar talla.

Ɗalibar Kwamfuta:

Baba, ana can ana kokawa kan allon sama, ruwa ya shigo ta baya.
Craigslist, shafin ƙananan tallace-tallace, ta bar mai tsohon keke ya yi shelarsa kyauta ga duniya,
Layi ukun nan da kake kewa suka tsiyaye ɗaya bayan ɗaya.
GoTo.com, shafin bincike, a 1998 ta ce sai an latsa sannan mai kaya zai biya,
Google da tsarin tallarta na AdWords a 2000 ta jera haja gefen amsar tambaya,
Wanda ya rubuta "takalmi", takalmi ake nuna masa ya saya,
Mai shago kuwa ya ga da idonsa abin da ya samu daga talla.

Dillalin Talla:

GoTo ɗin da kika ambata ta koma Overture, ƙanwata,
A 2003 Yahoo ta zube kimanin dala biliyan 1.6 ta saye ta,
Alhali tun 2000 injin Google ke amsa masu tambaya a ƙofarta,
Sai a 2004 ta sallame shi, bayan ya gama sanin hanyar talla.