Madigadin da ke rungume tayar baya, yana da amfani kuwa?

Ɗan Maroua:
Salamu alaikum ƴan uwa. Damina ta shigo, Boxer nake kabu-kabu da ita, taɓo duk ya bi ya cika shoka da sarƙa, fasinja kuma sai mita rigarsa ta ɓaci. Naga wani ƙaramin madigadi da ake ɗaurewa dab da tayar baya, in saya ko ɓarnar sefa ce?

Mai Garaji:
Wa alaikumus salam ƙanina. Shi a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya ake ɗaure shi, tare suke hawa da sauka, shi yasa yake tare taɓo tun daga tushe. Ka fara duba rim ɗinka 17 ne ko 18, kuma na roba yafi na ƙarfe don baya tsatsa baya ƙara. Ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da taya, kar ka manta in an ja sarƙa taya baya take matsawa.

Na Kousseri:
Hmm, amma a ƙasar karal (baƙar ƙasa mai yumɓu) irin tamu laka mannewa take kamar tuwo, ta cushe a ciki taya ta ƙi juyawa sai ka sauka kana ƙwaƙula da kara. Ni na cire nawa.

Mai Garaji:
Gaskiyarka malam, na cikin gari ne. Kuma don Allah kar a bar mai walda ya huda ƙarfen nan, yana rage masa ƙarfi. A sa washa mai sifirin a noti, in ba haka ba gargada zata kwance shi.

Ɗan Maroua:
Nagode yaya. Rigar fasinja fa?

Mai Garaji:
Wannan sai dai ka ƙara ledar roba ƙarƙashin lamba.