Fita fili da rediyo: waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙungiyarmu ta masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta na'urar rediyo don sha'awa, ƙarama ce, mutum biyu ne kawai a cikinmu ke da lasisi, sauranmu muna koyo a hannunsu. Mun yanke shawarar fitar da kaya daga ɗaki mu kafa tasha a gonar wani ɗan ƙungiya a bayan gari, a ƙarshen makon farko na Satumba, lokacin da ƙungiyoyin yankinmu na Afirka da Turai ke yin ranar fita fili ta magana da murya. Abin da ke hannunmu shi ne na'urar gajeren zango guda ɗaya mai wat 100, batirin mota biyu, farantin sola, ƙaramin janareta, sai waya mai yawa. Don Allah wanda ya taɓa kwana a fili da rediyo ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Malam daga Ohio, Amurka:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. A nan ana kiranta Field Day, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ce ke shirya ta tun 1933, kuma kullum a cikakken ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni take faɗowa. Ana farawa ƙarfe biyu na ranar Asabar agogonmu, wato bakwai na yamma agogon Najeriya, a kwana ana yi har Lahadi. Ƙungiyarmu a wurin shaƙatawa na gari take kafa tantuna, kuma ƙa'ida ita ce duk na'urori da eriyoyi su kasance cikin da'irar da faɗinta bai wuce ƙafa 1000 ba, kusan mita 300.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. A gidana, in na kunna zangon da ake kira mita 40, wato wajen megahaz 7, allurar ma'aunin sigina ta na'ura tana tsaye a sama saboda shuuu ɗin cajojin waya da fitilun zamani da talabijin ɗin maƙwabta. A fili kuwa allurar ta kwanta, sai ga muryoyin da ban taɓa sanin suna wurin ba suna fitowa tas. Ku da ke zaune cikin inbatoci da janaretoci, za ku fi ni jin wannan bambancin. Shi kaɗai ya isa dalilin fita.

Yawancin aikin a kan eriya yake ƙarewa. Muna ɗaura ɗan dalma a zaren kamun kifi, a harba shi da danƙo ya tsallake reshen itace mai tsawo, a ja igiya da zaren, sannan a ja waya da igiyar. Lissafin eriya mai hannu biyu ba shi da wuya: ka raba 143 da lambar zangon a megahaz, ka sami tsawonta a mita. Ta mita 40 za ta kai kusan mita 20 gaba ɗaya, goma kowane hannu. Ta mita 20 rabin haka. Ku yanka da ɗan saura, ku naɗe bakin, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Na ga dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu yana tsugune a ciyawa yana auna waya da tef, jikarsa na riƙe da ɗaya bakin, kuma eriyar da suka yi ita ta fi ta kanti aiki a daren nan.

A wajenmu abin da ake musaya gajere ne: yawan na'urorinku, harafin ajinku, da yankinku. In ƙungiya ce a fili da na'ura uku, sai ka ce 3A Ohio, shi ke nan. Murya maki ɗaya, Mos (saƙon ɗigo da ja irin na tangaraho) da saƙon kwamfuta maki biyu-biyu. Wanda ya yarda ya tsaya a wat 5 da batir ana ninka masa makinsa sau biyar. Akwai ƙarin maki ga wanda bai taɓa wutar gari ba, da wanda ya yi aiki da hasken rana, da wanda ya kafa a inda jama'a za su iya zuwa kallo. Ka ga manufar a fili take, ana son a gwada ko za mu iya isar da saƙo ranar da guguwa ta kayar da turakun wuta da na tarho.

Dattijo daga Jos:

Malam ya faɗi gaskiya, amma fili a Ohio daban, fili a ƙasarmu daban. Ɗana, kafin ka auna waya ko taku ɗaya, ka je wurin mai unguwar da gonar take, ka gaishe shi, ka yi masa bayani. Ka kai takarda ofishin 'yan sanda mafi kusa, ɗauke da rana da wuri da sunayen masu lasisi. Lasisin kansa ya kasance a aljihu, da kwafinsa a cikin leda. Halin da ake ciki yanzu, mutane su hango baƙi a gona da dare sun ɗaga dogon ƙarfe suna magana da Turanci cikin na'ura, ba abin da zai fara zuwa ransu sai sharri, kuma ba laifinsu ba ne.

Mu da muka fita kan wani tudu a wajen gari, mun riga mun sanar, amma duk da haka da la'asar sai ga matasan unguwa da sanduna sun zo tambaya. Muka shimfiɗa musu tabarma, muka sa wa babbansu abin ji a kunne. Daidai lokacin wani mutumin Italiya ya amsa mana, ya maimaita lambar kiranmu, wato sunan tasharmu a rediyo, har sau biyu don murna. Yaron ya cire abin kunnen ya ce, "Baba, wannan ba da kati ba ne?" Na ce ba kati, ba data, batir ne da waya a kan itacen turare. Su suka kwana suna yi mana gadi, kuma da asuba su suka taya mu naɗe igiyoyi.

Sai maganar wata. Farkon Satumba damina ce tsundum a Zariya. Tsawa ko tana nesa za ka ji ta a na'ura, ƙas-ƙas-ƙas, musamman a mita 80 da 40 da dare, har ta rufe muryar mutum. In kuwa hadari ya haɗo ya doso ku, kada a tsaya jiran ɗigon farko. A cire kebul daga na'ura, a jefa bakinsa nesa da rumfa, kowa ya shiga mota. Ba a fakewa ƙarƙashin itacen da aka rataya eriya. Ba na so in ji an ce saura mutum ɗaya mu gama. Kuma ku ɗaga kai ku duba wayoyin lantarki kafin a harba zare ko a tayar da gora. In akwai su kusa, a canza wuri.

Hajiya daga Birmingham, Ingila:

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta mai unguwa ko a nan haka take, sai mun nemi izinin manomin da za mu shiga gonarsa, mu kuma rufe masa ƙyaure saboda tumaki.

Ƙanena, ranar da za ku fita ita ce muke fita, don haka bari in gaya maka abin da zai same ku. Ana farawa ƙarfe ɗaya na rana agogon GMT ranar Asabar, biyu ke nan a wajenku, a yi awa 24. Ana ba da rahoton ƙarfin sigina da lambar jeri, daga 001 zuwa sama, kuma wanda ke fili yana ƙara harafin P a ƙarshen lambar kiransa. Tashoshin Ingila da Jamus sun cika zango, babu mai ɗokinmu. Amma lambar da ta fara da 5N, wato ta Najeriya, ba kullum ake jin ta ba. Ranar da wata tashar Afirka ta Yamma ta bayyana a mita 20 muna fili, na ji yadda Turai ta rufta mata, kamar an watsa wa kaji tsaba. Mai tashar ya rikice, ya yi shiru, ya tafi. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin da an shirya shi da ya more ranar.

Don haka ku yi atisaye tun a gida. Mutum biyu ne ke zama a tebur: ɗaya da makirfo, ɗaya da littafi. Mai makirfo in ya tsinci haruffa biyu kawai cikin hayaniyar, ya maimaita su ya ce wannan tashar kaɗai yake saurare, kuma ya tsaya a kan maganarsa ko wa ya yi ihu. Mai littafi ya rubuta lokaci da agogon GMT, zango, lambar kira, da lambar jeri ta ɓangarorin biyu. Ni aikin littafi na fara yi, kuma a nan kunnena ya buɗe. Da fensir ake rubutu, domin raɓar asuba tana narkar da tawada, na ga shafi guda ya zama shuɗi. In da kwamfuta za ku yi, takarda ta kasance a gefe.

Sannan ina roƙonku, ku gayyaci mata da yara, kuma kada aikinsu ya tsaya a kan tukunya. A duba abin da sharuɗɗan lasisinku suka yarje wa mai koyo, a ba shi iyakar wannan. Ko sauraro da rubutu kaɗai aka bar yarinya ta yi, ta shiga ciki.

Injiniya daga Maraɗi:

Ni a kan wuta zan yi magana, don nan ake faɗuwa. Na'ura mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 lokacin da kake magana da ƙarfi, in kana sauraro kuwa ɗaya ko biyu. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, ba ya son a tsotse shi. In ya wuce rabi ka fara kashe shi, kuma tun kafin nan muryarka za ta fara shaƙewa a kunnen mai sauraro. Mu mun rage zuwa wat 50, ba wanda ya ce mana ya ji bambanci, domin rabin maki ɗaya ne kawai a ma'aunin sigina. Batir ɗaya na aiki, ɗaya na kan sola. Ku gwada na'urar cajin solar tun a gida da rediyo a kunne, wasunsu suna zuba ƙara a zango fiye da janareta.

Janareta kuma a kai shi nesa, ta inda iska ke kwashe hayaƙin daga rumfa. Hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Ba a zuba masa mai yana da zafi.

Abin da ya cece mu ranar da tsawa ta hana mu sakat shi ne tauraron ɗan adam mai suna QO-100. An harba shi a Nuwamba 2018, yana tsaye wuri guda a sama, kuma Afirka gaba ɗaya tana ƙarƙashinsa, da Turai, har gefen Brazil da Indiya. Da dish ɗin talabijin na gida muka yi, ana aikawa a gigahaz 2.4 a karɓa a 10. Mun ɗora dish ɗin a kan tayar mota, muka danne da duwatsu, muka yi ta juyawa a hankali har sigina ta fito. Ba ya shiga lissafin makin gasar Satumba, amma mutanen da suka zo kallo sun ji murya garau daga Afirka ta Kudu.

Malam daga Ohio, Amurka:

Injiniya, na yarda da kai a kan wat 50. In tsawa ta matsa, akwai kuma FT8, tsarin aika saƙo ta kwamfuta wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Yana tsinto siginar da kunne ba ya ji, kowane zagaye daƙiƙa 15, sai dai agogon kwamfuta ya zama daidai. A tantinmu shi ke tara maki da tsakar dare.

Dattijo daga Jos:

Malam, a yi mini afuwa, a nan ba na tare da kai. Gasar da za su shiga ta murya ce. Kuma ko ba don haka ba, yaran nan fitarsu ta farko ke nan. In suka zauna suna kallon kwamfuta biyu na gaisawa, yaushe za su koyi riƙe makirfo, yaushe kunnensu zai saba da ciro murya daga cikin ƙara? Matasan da suka zo mana da sanduna, murya ce ta zaunar da su. A bar FT8 sai fita ta gaba.

Ɗalibi daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun karanta tare da sauran 'yan ƙungiya. Gobe in sha Allahu za mu je wurin mai unguwa. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: tunda na'ura ɗaya ce, wane zango za mu riƙe a wane lokaci? Kuma ko mu ɗage zuwa rani?

Dattijo daga Jos:

Kada ku ɗage, ku dai sa ido a sama. Ku sake fita a Disamba ko Janairu in kun ji daɗi. Lokacin babu tsawa, amma ƙurar hunturu tana tara wuta a doguwar waya har ta ɗan ja mutum, sai a haɗa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa.

Da rana ku riƙe mita 15 da 20. Daga la'asar zuwa bayan isha'i mita 20 ce hanyarku ta Turai, kuma ku shimfiɗa wayar gabas da yamma domin ta fi jefa sigina ta gefenta, wato arewa da kudu. In dare ya yi nisa ku koma mita 40, kada ku haura megahaz 7.200, nan ne iyakar yankinmu, daga nan sai manyan gidajen rediyo. Ku rataya eriyoyin biyu, ta mita 20 da ta mita 40, tun da rana, kowacce da kebul ɗinta da alama a baki, don kada a yi ta lalube da tocila.

Hajiya daga Birmingham, Ingila:

Za mu juya eriyarmu kudu bayan magaribarku ranar Asabar, in neme ku a mita 20, tsakanin megahaz 14.200 da 14.300. Ku kira a hankali, ku faɗi harafin P ɗin a fili. In na ji ku zan ba da lambata da Turanci saboda littafi, sannan in gaishe ku da Hausa. 73, wato fatan alheri a yaren masu rediyo.