Musayar waƙa: kuɗin ƙananan hukumomi, wa zai riƙe?

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum jama'a, kun dai san tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye a daina bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma ta ce babu zancen kantoman riƙo sai zaɓaɓɓe. Na buɗe fage, mai baiti ya shigo.

Kotun Ƙoli ta yi magana, mun yi murna,
Kason ƙaramar hukuma zai bar hannun gwamna,
Kwalbatin unguwarmu da ya karye tun damina,
Ciyaman zai gyara shi ba sai an je Kaduna.

Malamar Firamare:
Sannu ƙanena, amma zo ka leƙa ajina tukuna.

Hukunci na kan takarda, ban gan shi a aji ba,
Yara na zaune a ƙasa, ba su samu benci ba,
Iska ta yaye kwano, ba a zo an duba ba,
Alli da kuɗina nake saye, ban taɓa fasawa ba.

Tsohon Akawu:
Malama Allah ya saka miki. Ni na yi aiki a sakatariya tun bayan garambawul ɗin 1976 da ya kawar da tsarin En'e ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, kuma wallahi ciwon ba a asusu kaɗai yake ba, ku duba yadda jam'iyya mai mulki ke lashe kusan duk kujeru a zaɓen ƙananan hukumomi jiha bayan jiha, wannan abin yana ci min rai.

Hukumar zaɓen jiha, gwamna ke naɗa ta da kanshi,
Wanda ta ba kujera kuwa ai yaronshi,
Ko kuɗi sun faɗo kai tsaye cikin asusunshi,
Da yamma zai kai su gidan gwamnati da ƙafarshi.
A miƙa zaɓen ga INEC, kowa ya nemi ƙuri'arshi.

Ɗan Zazzau:
Baba na ji, kuma gaskiya ka faɗa. Sai dai wannan sai an gyara kundin tsarin mulki na 1999, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, su kuma kowa ya san wa suke saurare.

'Yar Kasuwa:
To Baba kafin a gyara kundi mu zauna kenan? Ni ban yarda ba. Duk wata bayan zaman FAAC, wato kwamitin da ke raba kuɗin asusun tarayya, ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, yana nan a intanet, mu ne ba ma nema.

Kullum ana yankar mana tikiti a kasuwa,
Rumfa na yoyo, bola ta toshe hanyar wucewa,
A liƙa kasafi a bangon sakatariya don karantawa,
Kansila ya zo dandali, muna tambaya yana amsawa,
Rijiyar da aka ce an haƙa, mu je da guga mu ga ruwa.

Malamar Firamare:
Yauwa 'yar uwa, nan muka haɗu. Ɗan Zazzau kai ne mai data, nemo mana kason watan jiya na taku da tamu, ranar taron iyayen yara zan karanta musu shi da bakina.