Wa zai biya tara idan mota tana hannun bakanike?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Na kai motata gareji a Kano domin gyaran birki, bakaniken ya ajiye ta a bakin titi, jami'an KAROTA suka ja ta. Ni zan biya tarar ko shi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka biya ka karɓi rasit domin motar ta fito, sannan ka bi shi kuɗinka, tunda makullin yana hannunsa lokacin da aka yi laifin. A mazhabar Malikiyya ma, mai sana'a yana lamunce abin da aka ba shi gyara.

Amsa ta biyu:
Idan ya ƙi, yallaɓai, ka fara kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar makanikan garejin kafin ka nufi kotu.