Thepla na bushewa a jirgin ƙasa lokacin sanyi

Salamu alaikum. Ina yin thepla (wata gurasar Indiya mai faɗi marar kauri) na ganyen hulba don guzurin jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Ahmedabad a Disamba, lokacin da hazo ke jinkirta jirage. Awona: garin alkama kofi 2, besan (garin waken chickpea) rubu'in kofi, mai cokali 2, kindirmo cokali 3, kurkum da gishiri.

Kafin awa 8 gefensu ya bushe, suna karyewa in an naɗe. Na rufe su da zafinsu, gumi ya jiƙa na ƙasa suka yi danƙo har da tsami. Na bari suka huce sarai, suka ƙara tauri. Na rage wuta, gashin ya daɗe, abin ya ƙara muni.

Don Allah, me zan canza a kwaɓin su kai awa 24 da laushinsu ba tare da sun yi tsami ba?